Na Gyara Musu 'Yan Gaba, Na Rasa Arfa

A wani ɗaki a unguwar Aziziyya ta Jidda, hawa na uku, na fara sanin cewa ni direba ne. Kafin ranar ni Koci ne. Haka ake kirana a gidan kallon ƙwallo na layinmu a Kurna, inda idan na buɗe baki a kan tsarin wasa har mai shayi sai ya rage wutar rishonsa ya saurara. Da wannan sunan ne Alhaji Mamuda, dillalin biza, ya kama ni. Ya rantse da girman Allah cewa wata kwalejin koyon sana'a a Jidda tana neman mataimakin mai horar da 'yan ƙwallonta, kuma ya duba kaf Kano bai ga wanda ya dace ba sai Sagiru Koci. Mutumin da bai san bambancin kwana da fenareti ba, shi ne ya tantance ni. Ni kuma da yake yabo da daɗi, na sayar da rabona na gonar gado na miƙa masa.

Ban yi mako a garin ba wani ma'aikacin kwalejin ya hawo ɗakin yana haki, ya miƙo mini makulli.

Na ce, "Na ofis ne?"

Ya ce, "Na bas. Yalla, gobe da safe."

Nan take na kira Alhaji Mamuda. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Haba Koci, kai da 'yan wasan kullum kuna tare, a mota ɗaya ma. Me ya rage?" Daga wannan maganar lambarsa ba ta sake shiga ba har yau. Duk wanda ya gan shi ya gaya masa ban yafe ba.

Ɗakin nan mu da yawa ne, katifa na gogar katifa, yawancinsu 'yan Nijar masu aikin gini. Wani dattijo daga Maraɗi, Malam Isufu, shi ya matsa mini gefen taga, ya kuma riƙa ajiye mini shayi a kofinsa idan na dawo a makare. Da ya ga na kwana biyu ba na magana, abin da ba halina ba, sai ya zaunar da ni.

Ya ce, "Ɗan Kano, an cuce ka, wannan ba gardama. Amma ka dubi inda aka jefo ka. Makka ga ta nan, ko bacci ba ka yi a mota kafin ka isa. Ka zo bayan an sauko daga Arfa, iƙamarka, takardar zaman ƙasa, ta shekara ce, za ta ƙare dab da wani aikin Hajjin. Ka riƙe makullin nan da kyau. In kafilinka, mai ɗaukar nauyin zamanka, ya sabunta maka, ka nemi izini ka hau Arfa kamar kowa."

Da na gaya wa mahaifiyata a waya, ba ta ko tambayi zancen koci ba. Ta ce, "Sagiru, ko ba ka dawo da komai ba, ka dawo mini da Arfa. Babanka bai samu ba, nasa baban bai samu ba." Daga ranar na daina zagin makullin. Na rataye shi a wuya.

Kwalejin tana can kudancin Jidda, cikin unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, tsakanin rumbunan ajiya da manyan motocin kaya. Walda ake koyarwa a ciki, da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da aikin lantarki. Filin ƙwallon yana bayan wata masana'antar kwali, ciyawarsa ta roba ce, da rana tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Aikina in kwaso 'yan wasa daga unguwanninsu, in kai su atisaye ko wasa, in mayar da su. Tsakanin nan ba ni da abin yi sai in zauna a kan kular ruwa in yi kallo. Kuma wallahi na ga abin da idona bai cancanta ba.

Bari in zayyana muku ƙungiyar nan, kada wani ya ce ɗacin rai ne ya sa ni magana. 'Yan baya ba su da laifi. Ɗaliban walda ne, ƙarti, wanda duk ya wuce su da ƙwallo ba ya wucewa da ƙafarsa lafiya. Golan ma yana da hannu. 'Yan tsakiya ba su iya komai ba sai ba juna ƙwallo gefe da gefe, kai ka ce a kan kowane fas ake biyansu, amma dai ba sa zubar da ita. Masifar duk a gaba take.

Lamba bakwai yana da gudu, shi ke nan abin da yake da shi. Zai ɗauki ƙwallo ya zabga har tutar kwana, ya tsaya ya shafa sumarsa, sannan ya ɗaga ta sama ta faɗa harabar masana'antar kwali. Mai gadin wajen har buhu ya tanada na tara ƙwallayenmu. Lamba sha ɗaya kuwa a satar fage ya kama haya. Alƙalin gefe ba ya ma sauke tutarsa idan ya gan shi, don kada ya wahalar da hannunsa a banza. Sai lamba tara, Abdul'aziz, wanda suke kira Azuz. Ƙato ne mai sanyin hali, kafin ya juya da ƙwallo ni na juya bas ɗina a shataletale. Idan ya buga da dama ta tafi sama, idan ya buga da hagu ta tsaya a inda take shi ya tafi. Ban taɓa ganin mutumin da raga take jin tsoronsa kaɗan irinsa ba.

Sannan ga lamba goma, Muhannad, ƙanen Azuz uwa ɗaya uba ɗaya. Nan ne takaicin yake. Na yi shekaru ina kallon ƙwallo, ta gida da ta waje, na san ƙafa idan na gan ta. Wannan ɗan sirit ɗin Allah ya ba shi. Zai karɓi ƙwallo a tsakiya, ya yanke mutum uku a wajen da bai fi tabarma ba, ya shiga yadi na sha takwas, ya kwantar da gola. Raga a buɗe, ko akuya ce ta tura ta da ka. Sai ya ɗaga kai ya dubi hagu, ya nemo yayansa, ya gangara masa. Azuz kuma ya aika wa mai gadin kwali.

Ranar da na fara gani na ɗauka kuskure ne. Rana ta biyu na ɗauka tsoro ne. Da abin ya zama kullum sai na daina zama a kan kular, na koma zagaye ina surutu ni kaɗai.

Mai horar da su malamin motsa jiki ne, Kaftin ake ce masa. Kayan wasansa masu tsada ne, wayarsa biyu, iliminsa na ƙwallo kuma kalma biyu ne. Kafin wasa ya ce "Yalla", wato a je, bayan wasa ya ce "Ma'alesh", wato ba komai. Wata rana na kasa daurewa na same shi da ɗan Larabcin da na tsinta a hanya. Na ce gyaran ƙungiyar nan bai kai a kira shi aiki ba. A ajiye Azuz a benci, a tura Muhannad lamba tara. A gaya wa bakwai ya daina zuwa tuta, ya yanko ciki ya ba da ita ƙasa-ƙasa. A ɗaure sha ɗaya da ɗan baya na ƙarshe, kada ya wuce shi sai ƙwallo ta tashi. Na ce in aka yi haka, ba kwalejin da za ta sha a hannunmu.

Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "Na taɓa ajiye Azuz. Ka san abin da ƙanensa ya yi? Ya cire takalmi ya je ya zauna kusa da shi." Ya koma kan wayarsa. "Je ka kunna sanyin mota, sun kusa tashi."

Da a ce abin ya tsaya a takaicin kallo, da na haɗiye. Amma kafin azumi sai Mudir, shugaban kwalejin, wanda shi ne kafilina a aikace, ya tara mu a bakin fili. Mutum ne mai ƙamshi da taushin murya, irin waɗanda za su kore ka suna tambayar lafiyar iyalinka. Ya ce masu makarantar sun gaji. Bayan ƙaramar Sallah akwai gasar kwalejoji. Idan ƙungiyar ba ta ci ko wasa ɗaya ba, halas, shi ke nan, za a rushe ta, a mai da filin wajen ajiye motoci, a sayar da bas.

Ɗalibai suka ɗaga kafaɗa, su me ya dame su, da ƙwallo da babu za su samu takardarsu. Kaftin yana da azuzuwansa. Ni kaɗai ne a wajen nan da aka karanta wa hukunci. In babu bas babu direba, in babu direba babu sabunta iƙama. Ashe Arfar gidanmu kaf tana rataye a ƙafar hagun Azuz. Na dubi ƙafar, na ce innalillahi.

Wata Juma'a da na sauke Azuz da Muhannad a unguwarsu, Ruwais, Azuz ya leƙo ta taga ya ce, "Ammu Sagiru, Inna ta ce ka shigo ka ci abinci." Ammu suke ce mini, wato baffa. Su Hausawa ne haifaffun Jidda, kakansu ne ya taka da ƙafa daga ƙasar Katsina ya zo aikin Hajji bai koma ba. Hausarsu tana tafiya sai ta faɗa Larabci ta sake fitowa. Gidan tsoho ne, a wani lungu da iskar teku take shigowa da warin gishiri da kifi.

Mahaifiyarsu, Hajiya Safiya, ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, da kalmomin da na manta da su tun ina yaro. Ta ce, "Ɗana, sannu da baƙunta. An ce kai kake ɗawainiya da su." Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, har da man shanu. Na kai loma ta farko. Wata da watanni ina cin shinkafa da kaza mai ɗanɗanon kwali, sai ga daddawa. Na sunkuyar da kai na ce yaji ne ya shiga mini ido. Ta ce miyar ba yaji, ta ƙaro mini.

A kan wannan tiren na gano cutar ƙungiyarmu. Muhannad bai zauna ba sai da Azuz ya zauna. Bai sa hannu ba sai da Azuz ya kai loma. Tsokar da ta faɗo gabansa ya ture ta gaban yayansa. Da za mu fita, ya tsaya a bakin ƙofa kamar dogari har Azuz ya wuce. Hajiya ta ga ina kallo, ta ce da alfahari, "Babansu ya rasu suna ƙanana. Abdul'aziz ne uba a gidan nan. Haka kakansu ya bar mana, ƙarami ba ya shiga gaban babba."

Tarbiyya ce mai kyau, ban musa ba. A Kano ma an fara nemanta an rasa. Amma a kan tire aka san ta, ba a gaban raga ba.

Muhannad ya rako ni bakin mota. Na ce, "Kai, tsakaninka da Allah, me ya sa ba ka bugawa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Aib ne, Ammu. Abin kunya. Yaya yana tsaye, ni in ci? Mutane su yi ta kiran sunana shi yana ji?"

"To shi yana ci?"

"Rabo ne. Wata rana zai ci, inshallah."

Na ce masa a dokar ƙwallo ba yaya ba ƙane, raga ba ta tambayar shekarun haihuwa. Ya yi ta gyaɗa kai cikin ladabi, irin ladabin da yake nufin ba a ji ba. Shi kuwa Azuz ban ko yi tunanin yi masa magana ba. Me zan ce da mutumin da ya shekara yana cin amanar raga bai ji kunya ya ajiye takalmi ba? A ganina wanda bai gane da kansa ba, ba bayanin da zai shige shi.

Azumi ya zo ya wuce. Umra kam na yi, na yi kukana a gaban Ɗakin Allah, amma umra ba Arfa ba ce, mahaifiyata ma ta tuna mini. Aka fara gasa. Wasan farko canjaras ba ci, Muhannad ya ajiye wa yayansa ƙwallaye har na daina kallo. Na biyu aka ci mu ɗaya, Kaftin ya ce ma'alesh. Saura na ƙarshe, da wata kwalejin koyon aikin otal, a filinsu can arewacin gari, bayan La'asar.

Na zauna na yi nazari irin na masana. Idan aka ajiye Azuz a gaban idon ƙanensa, ƙanen zai cire takalmi. To idan babu Azuz ɗin gaba ɗaya fa? Idan yana hanya, yanzu zai iso? Dole yaro ya shiga fili, kuma idan ya ɗaga kai bai ga kowa ba dole ya buga. Allah kuma ya taimake ni, ranar Muhannad yana da jarrabawar lantarki da safe, daga kwaleji zai wuce a motar Kaftin. Azuz zai jira ni a bakin masallacin unguwarsu bayan Azahar.

Na kwashi na Aziziyya da sauran, na hau babban titi na miƙe arewa. Lamba bakwai ya ce, "Ammu, Ruwais fa?" Na ce Azuz ya bi Kaftin. Can wayata ta yi ƙara, Azuz ne. Na rage murya na ce cunkoso ne, ya tsaya a inda yake kada ya motsa, ga ni nan. Ya sake kira na ce na kusa. Na uku na kashe wayar. Ranar ana zafin da ko kuliyoyin Jidda sun shige ƙarƙashin motoci.

Muna isa Muhannad ya taho da gudu ya leƙa cikin bas. "Fen Yaya? Ina Yaya?"

Na ce, "Ya ɗan tsaya wani uzuri, yana bayanmu. Ya ce ka shiga, kada ka jira shi."

Kaftin ya sa wani ɗan tsakiya ya cike gurbi, ya ce yalla. Aka busa.

Ba a jima ba abin da na tsara ya faru sak. Muhannad ya karɓa a tsakiya, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, 'yan otal suna zubewa. Gola ya fito, ya kwantar da shi. Na miƙe tsaye a kan kular, na ga Arfa da idona. Sai ɗan banzan yaron nan ya ɗaga kai ya dubi hagu, ya gangara ƙwallo a hankali, da ladabi, zuwa wajen da yayansa ya saba tsayawa. Ba kowa a wajen. Ƙwallo ta yi ta gangarawa ita kaɗai har ta fita. 'Yan kallonsu suka kwashe da dariya, golansu ma yana kwance yana dariya.

Na yi ihu da Hausa har alƙalin wasa ya waiwayo. Bai hana ya sake ba kafin hutun rabin lokaci. Wannan karon ya tuna ba kowa, sai ya tsaya cak da ƙwallo a ƙafa yana leƙen ƙofar fili, har aka zo aka ɗauke ta kamar an karɓi saƙo. Na zauna. Na ce shi ke nan, wannan gidan ba ƙwallo suke yi ba, zumunci suke yi da takalmi.

An dawo daga hutu da kaɗan sai ga tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Azuz ya fito cikin jallabiya da silifa, don jakar kayansa tana bas ɗina tun jiya. Jallabiyar ta manne masa da gumi, fuskarsa ta yi jawur. Ya wuce ni bai dube ni ba, ya je bakin layi ya tsaya, yana ɗan ɗingishi. Muhannad ya gan shi, ya fara tahowa zai fita. Azuz ya ɗaga masa hannu ya koma.

Ƙwallo ta sake zuwa. Ya yanke, ya shiga, ya ɗaga kai ya dubi bakin layi. Azuz ya buɗe murya, muryar da ban san yana da ita ba.

"Buga, ya Muhannad! Na ba ka! Buga!"

Ban ga tashin ƙafar ba, ƙarar raga kawai na ji. Kafin a tashi ya ƙara ta biyu, ita ma sai da ya dubi layi aka ce masa buga. Lamba bakwai ma da ya ga abin arziki sai ya yanko ciki sau ɗaya a rayuwarsa. Aka busa tashi, ɗalibai suka ɗauki Azuz sama, mutumin da bai taɓa ƙwallo ba. Ni kuwa ina gefe ina ta rawa ni kaɗai, na ce yau an ga aikin Koci.

Da hayaniya ta lafa, Azuz ya zo ɗaukar jakarsa. Ya tsaya a ƙofar bas, ya ce a hankali, "Ammu, da ka zo ka gaya mini."

Na ce, "In gaya maka me? Cewa ba ka iya ba? Kai ba ka gani?"

Ya ce, "Na gani. Gwiwata tun bara take ciwo, juyi ma da ƙyar nake yi. Ni ba na son ƙwallo. Inna ce ta ce duk inda Muhannad ya sa ƙafa in sa, kada in bar shi shi kaɗai. Shi ya sa nake shiga."

"To me ya hana ka ce masa ya buga tun tuni?"

"Shi ba zai tambaye ni ba, aib ne. Ni kuma in ce masa ya daina ba ni, kamar na mayar masa da girmamawarsa ne a gaban mutane. Da wani babba ya zaunar da mu, halas, an gama. Ba wanda ya taɓa yi mini magana." Ya rataya jakar. "Ka ce kada in motsa. Ban motsa ba, Ammu. Ko inuwa ban shiga ba, don kada ka zo ka rasa ni."

Ku ji fa. Shekara guda ƙungiya tana wulaƙanta, mai gadin kwali yana cika buhu, ashe kalma ɗaya ce ta maƙale tsakanin ƙarti biyu da suke kwana ɗaki ɗaya. Kuma ba ta fito ba sai da na gasa ɗaya a rana. Amma ni ne mai laifi.

Na kunna mota na kunna sanyi, na buɗe ƙofa. Ba wanda ya shigo. Labari ya riga ya zagaya. Ina kallo ta madubi suka tsattsayar da tasi, wasu suka cusa kansu a motar Kaftin, suna waƙa. Lamba sha ɗaya, wanda bai taɓa tsayawa a inda ya dace ba, ranar ya san inda zai tsaya, can nesa da ni. Na tuƙo bas daga arewacin Jidda har Madinar Masana'antu ba kowa a ciki sai kular ruwa tana ƙwanƙwasa kujera.

Mudir ya kira ni bayan kwana biyu. Ya zuba mini gahawa da hannunsa, ya turo dabino. Ya ce mabruk, wato barka, masu makaranta sun ji daɗi, ƙungiya ta tsira, har sabbin riguna za a ɗinka. Bas ma ba za a sayar ba. Na fara hamdala. Sai ya ce 'yan wasa sun zo masa gaba ɗaya, sun ce ba za su sake shiga motar direban da ya bar babbansu a rana ya kashe waya ba. Iyaye ma sun ji. Saboda haka ba zai iya sabunta mini ba, za a buga mini fita ta ƙarshe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ci muku wasan nan."

Ya ɗan yi tunani, ya ce, "A'a, Muhannad ne ya ci, duka biyun." Ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya miƙo hannu na cire makullin daga wuya.

Malam Isufu ya ce in ɓace kawai, in shige cikin 'yan uwa har lokacin Hajji, wasu suna bi ta duwatsu su shiga Makka ba izini. Na ga waɗanda suka yi hakan, na ga yadda suke zabura idan mota ta yi birki. Kuma ban ga yadda zan tsaya gaban Allah a Arfa ina waige ba. Na ce ya bar shi.

Ranar da zan tafi Azuz ya hawo ɗakinmu da ɗingishinsa, ɗauke da jarkar zamzam da kwalin dabino. Ya ce, "Inna ta ce a kai wa mahaifiyarka. Ta ce ta yafe maka, amma kada ka zo sallama." Na so in gaya masa cewa duk da haka bakwai yana bukatar a ci gaba da matsa masa ya yanko ciki. Na buɗe baki, na ga ba amfani, ba su cancanci shawarata ba. Na karɓi jarkar na ce na gode. Har gobe ina nan a kan bakana, lissafina daidai ne, ƙungiyar nan ni na gyara ta.

Da muka sauka a Kano, harabar filin jirgi cike take da maniyyata. Jirgin farko na bana ne, duk sun sha anko, kowa da jakarsa iri ɗaya, 'yan rakiya suna ta kuka da addu'a. Ina ratsa su da jarkata sai wani tsoho da yake zaune a kan tabarma ya riƙo gefen rigata.

Ya ce, "Alhaji, daga can kake?"

Na ce, "Daga can nake, Baba."

Ya gyara zama, fuskarsa ta cika da murna. "Masha Allah. Ni wannan ne zuwana na farko. Don Allah gaya mini, Arfar nan da ake faɗa, akwai inuwa kuwa? An ce rana tana dukan mutum."

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ni ƙwallo na je gyarawa."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya saki rigata, ya jawo jakarsa kusa da ƙafarsa. Wayata tana ta ruri a aljihu tun da na kunna ta. Mahaifiyata ce, ban gaya mata na taho ba.